Tagwayen benaye na Landan: ɗaya ya riƙe mutanensa, ɗaya ya rasa su

Masu iya magana sun ce ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. Haka gini yake. Ranar da magabata suka yanke ƙyalle, aka yi jawabi, aka ɗauki hoto, ba a wannan rana ake sanin amfanin gini ba. Sai ya sha sanyi da zafi, ya ga canjin hukumomi, yaran da aka haifa cikinsa sun fara furfura, sa'annan a zauna a yi lissafi.

A birnin Landan, babban birnin ƙasar Ingila, akwai waɗansu dogayen benaye biyu da suka haura shekara 50 a tsaye, saboda haka lokacin lissafinsu ya yi. Ɗaya sunansa Balfron, yana gabashin birnin. Ɗaya sunansa Trellick, yana yamma. Mutum ɗaya ya zana su, hukuma ɗaya ta biya kuɗin gina su, kuma don mutane iri ɗaya aka gina su, wato ƙananan ma'aikata da masu ƙaramin ƙarfi. Wanda ya ga hotonsu zai ce Hasan da Husaini ne. Amma ƙarshensu ya sha bamban. Trellick, wanda jama'a suka taɓa gudu don tsoro, har yanzu yawancin mazaunansa masu hayar hukuma ne. Balfron kuwa an gyara shi ya yi kyau, amma an kwashe talakawan da ke ciki, ba su koma ba. Wannan bambanci abin nazari ne ga duk wanda aka danƙa wa dukiyar jama'a.

Mai zanen da abin da ya nufa

Sunan mai zanen Erno Goldfinger. An haife shi a Budapest, ƙasar Hungariya, cikin shekara ta 1902. Ya yi karatun zanen gini a Paris, inda ya koyi aikin kankare a hannun Auguste Perret, ya kuma koma Landan da zama cikin shekara ta 1934. Yana cikin masu ra'ayin ginin zamani, waɗanda ke ganin kada a ɓoye abin da aka yi gini da shi. In kankare ne a bar shi a fili, ba yaɓe, ba ado. Kyaun gini a wurinsu shi ne daidaituwar sassansa da sauƙin zama cikinsa.

Lokacin da ya samu wannan aiki, Landan na fama da ƙarancin gidaje. Bama-baman Yaƙin Duniya na Biyu sun rushe unguwanni da yawa, musamman a gabas, wajen tashar jiragen ruwa. Gidajen da suka rage da yawansu tsofaffi ne masu danshi, iyali guda cikin ɗaki ɗaya ko biyu, ba wurin wanka, makewayi yana waje. Hukumar birnin ta ga fili ya yi kaɗan, mutane sun yi yawa, sai ta yanke shawarar a yi sama.

An gina Balfron daga 1965 zuwa 1967 a unguwar Poplar. Hawa 26 ne, tsawonsa mita 84, yana ɗauke da gidaje 146, kowane da ɗakunan kwana da madafa da wurin wanka. Trellick ya biyo baya a arewacin Kensington. An buɗe shi cikin watan Yuni na 1972, hawa 31, tsawonsa mita 98, kamar a ɗora dogayen giginyu huɗu bisa juna, da gidaje 217.

Dabarar da ta sa suka yi kama ita ce wannan: kowane bene kashi biyu ne. Akwai babban gini inda gidaje suke, akwai kuma wata siririyar hasumiya a gefensa. A cikin hasumiyar aka sa na'urar hawa da sauka, wadda ake kira asansar, da matakala, da bututun zubar da shara, da ɗakunan wanki, can ƙololuwa kuma tukunyar ɗumama gidaje. Gadoji suka haɗa sassan biyu, gada ɗaya bayan kowane hawa uku. Amfanin haka guda uku ne. Ƙarar inji da warin shara sun yi nisa da ɗakin kwana. Gidajen da ke sama da ƙasan kowace hanya suna samun taga gaba da baya, iska da haske na ratsawa. Sa'annan mutanen hawa uku suna bin hanya ɗaya, su gamu su gaisa kamar mutanen lungu ɗaya.

Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo

Da aka gama Balfron, Goldfinger ya yi abin da ba kasafai masu zane ke yi ba. A farkon 1968 shi da matarsa Ursula suka bar gidansu na unguwar masu hali, suka tare a gida mai lamba 130, can sama, suka yi wata biyu. Suna gayyatar mazauna liyafa rukuni-rukuni, suna tambayarsu abin da ya yi da abin da bai yi ba, matar tana rubutawa. Akwai masu cewa neman suna ne kawai, tun da bayan wata biyu sun koma inda suka fito. Ko da haka ne, zaman ya haifi abu. Mai zanen ya ɗanɗana jiran asansar da kansa, ya gane biyu ba su isa ba, sai ya sa uku a Trellick. Ya kyautata zauren shiga da dutsen marmara da gilashi mai launi, ya lulluɓe barandodi da katako mai kyau.

Ke nan ta fuskar zane, ƙanen ya fi wan. An ɗauki darasin na fari an zuba a na biyu. In da zane kaɗai ke yanke wa gini hukunci, da Trellick ne zai zauna lafiya tun ranar farko. Abin da ya faru akasin haka ne.

Sai bango ya tsage

Trellick ya zo a mummunan lokaci. Cikin watan Mayu na 1968 iskar gas ta fashe a wani bene mai hawa 22 da ake kira Ronan Point, a gabashin Landan, kusurwa guda ta rufto, mutum huɗu suka rasu. An yi wannan bene da allunan kankare ne da aka ƙera a masana'anta aka zo aka harhaɗa. Na Goldfinger a wurin aka zuba kankarensu da ƙarfe, jiki ɗaya ne. Amma jama'a ba su tsaya bambancewa ba, zukata suka juya wa dogayen benaye baya gaba ɗaya.

Babban kuskuren kuwa a bakin ƙofa aka yi shi. Mai zanen ya so a sa mai gadi a zauren shiga, wanda zai san mazauna, ya san baƙo. Hukumar birnin ba ta sa ba. Aka buɗe bene mai gidaje 217, ƙofarsa a sake dare da rana. Kowa ya san matsayin zaure a gidan Bahaushe: nan baƙo ke yin sallama, nan ake sanin mai shiga da mai fita. Gidan da ke ɗauke da mutanen ƙauye guda, a ce zaurensa ba kowa, ai ya zama hanya.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ba a daɗe ba ɓata-gari suka lalata ɗakunan wanki. Lokacin bikin Kirsimeti na 1972, shekarar da aka buɗe shi, waɗansu suka saki ruwan kashe gobara, ya malala cikin ramin asansar, bene ya wuni ya kwana kwana da kwanaki ba wutar lantarki, ba ɗumi, ba ruwan pompo, a tsakiyar hunturun Ingila. Cikin shekarun da suka biyo baya masu sayar da ƙwaya da masu kwanan titi suka mai da matakala mazauninsu. Aka riƙa tare mata a asansar, aka riƙa fashi a hanyoyi. Jaridu suka laƙaba masa sunan benen fargaba. Masu haya da yawa suka roƙi a canza musu wuri, waɗanda aka ba gida a ciki suka riƙa ƙi. Laifin duka aka ɗora wa mai zanen da kankarensa.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka

Abin da ya ceci Trellick bai shafi ko bango ɗaya ba. Cikin 1984 mazauna suka kafa ƙungiyarsu, suka dinga matsa wa hukuma da takardu da taro. Aka sa ƙofa mai kulle, da na'urar da baƙo zai yi magana da mai gida kafin a buɗe masa. Cikin 1986 aka rushe Babbar Majalisar Birnin Landan, benen ya koma hannun hukumar gundumar Kensington da Chelsea. Cikin 1987 aka ɗauki mai gadi. A wannan shekara Goldfinger ya rasu, sunansa na cikin zargi, bai ga yadda abin da ya nema tun farko ya gyara gidan ba.

Daga nan al'amura suka juya. Ɓarna ta ragu, mutane suka fara neman shiga maimakon neman fita. Dokar 1980 ta gwamnatin Margaret Thatcher ta ba masu hayar hukuma damar sayen gidajen da suke ciki, waɗansu suka saya, kuma waɗannan gidaje sun yi tsada ƙwarai daga baya. Duk da haka mafi yawan gidajen sun zauna a hannun hukuma, ana haya da kuɗi mai sauƙi. Cikin 1998 aka sa Trellick a rajistar gine-ginen tarihi masu babbar daraja, waɗanda doka ta hana a rushe ko a sauya ba da izni ba.

Ingancin ginin ma ya nuna kansa. Cikin watan Afrilu na 2017 wuta ta tashi a wani gida can sama, ba ta bazu ba, ba wanda ya rasu. Bayan wata biyu, a gunduma ɗaya, wuta ta cinye benen Grenfell, mutum 72 suka rasa rayukansu, domin an lulluɓe jikinsa da wani rufi mai saurin kama wuta lokacin da aka yi masa gyara. Kankaren nan da aka daɗe ana zagi don muni, ya riƙe amana ranar da aka bukace shi.

Kura da shan bugu

Balfron bai yi mugun suna irin na ƙanensa ba, ko da yake shi ma ya sha sakaci: asansar mai yawan lalacewa, bututu mai yoyo, kankare mai zubewa. An sa shi a rajistar gine-ginen tarihi cikin 1996, aka ƙara masa daraja cikin 2015. Cikin 2007, bayan mazaunan unguwar sun jefa ƙuri'a, aka miƙa shi ga wata ƙungiyar kula da gidajen haya mai suna Poplar HARCA, bisa alkawarin gyara. Abin da aka gaya wa masu haya da fari shi ne, wanda ya so ya zauna a gidansa, wanda ya so ya koma sabon gida a kusa, a sayar da wanda ya bari don a samu kuɗin aiki.

Cikin 2010 magana ta canza. Aka ce aikin ba zai yiwu da mutane a ciki ba, dole kowa ya fita, kuma ba a ba da tabbacin komowa ba. Aka riƙa kwashe iyalai sannu-sannu. Kafin a fara aiki aka ba masu zane-zane da masu zaman wucin gadi gidajen da suka zama kango. Cikin 2014 har aka ƙawata gida mai lamba 130 da kayan zamanin Goldfinger, aka buɗe shi na ɗan lokaci ga masu yawon kallo. A ƙarshen 2015 aka ba da iznin gyara tare da kamfanonin gini masu neman riba, bisa tsarin a kai gidajen kasuwa. Aka canza tagogi, aka sa ɗakin kallon silima da wurin motsa jiki a cikin hasumiya. Masu hayar hukuma ba su koma ba.

Waɗanda suka hau matakala da kaya a ka ranar da asansar ta tsaya, suka tara ruwan yoyo da bokiti shekara da shekaru, su aka fitar ranar da gyara ya zo. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Hujjojin da ake kawowa

Adalci ne a saurari ɗaya ɓangaren. Hujja ta fari ita ce, tsawon ne kansa illa: bai kamata a ɗora tsoho ko mai goyo a hawa na 25 ba. Akwai gaskiya a ciki. Ranar da asansar ta mutu, mai ciwon ƙafa ya zama ɗan kurkuku, uwa kuma ba ta iya ganin ɗanta yana wasa a ƙasa. Amma a cikin Landan ɗin nan akwai unguwar Barbican, mai hasumiyoyi uku na kankare da suka haura hawa 40, waɗanda aka gina a zamani ɗaya don masu albashi mai kauri. An sa musu masu gadi dare da rana tun farko, ana gyara abin da ya lalace kan lokaci, ba a taɓa kiransu benen fargaba ba. Tsawo yana ƙara wa gini bukatar kulawa ne. Wanda bai shirya biyan kuɗin kulawar ba, kada ya yi sama.

Hujja ta biyu ita ce ta kuɗi. Ƙungiyar da ta karɓi Balfron ta ce gyaran ginin tarihi yana da tsada, karayar tattalin arziki ta 2008 ta ɓata lissafinta, kuma kuɗin da za a samu zai taimaka a gina waɗansu gidaje masu sauƙin haya a unguwar. Ba a raina wannan magana ba, domin kuɗi ba ya faɗowa daga sama. Sai dai tambayoyi biyu na nan. Ta fari, me ya sa kuɗin gyaran ya kai haka? Domin an yi shekaru ana ɗage ƙananan gyare-gyare har suka taru suka zama dutse. Mai gidan ƙasa ya san in bai yi yaɓe kafin damina ba, baɗi katanga zai tayar. Sakacin na hukumomi ne, amma masu haya aka sa suka biya da gidajensu. Ta biyu, mutane sun jefa ƙuri'a bisa wata magana, aka zo aka yi wata. Ko da lissafin kuɗi ya yi daidai, lissafin amana bai yi ba. Kuma a gefen Balfron akwai wani bene mai hawa 11 da ake kira Carradale, shi ma zanen Goldfinger ne, ƙungiyar nan ce ta gyara shi, ya kuma zauna gidan haya mai sauƙi. Ashe hanyar tana nan.

Trellick ma ba aljanna ba ne. Tsohon gini ne mai cin kuɗi, kuma cikin 2008 an rushe gidan kula da tsofaffi da Goldfinger ya zana a gindinsa. Amma in aka yi tambayar da ta fi kowace muhimmanci, wato ko waɗanda aka gina dominsu suna ciki, amsar Trellick i ce, ta Balfron a'a.

Abin da ya kamata a riƙe

Wannan labari na Ingila ne, amma darasinsa ya shafi kowace hukuma da ke gina wa jama'a, ko gidan kwana ne, ko makaranta, ko kasuwa, ko biro.

Na fari, a rubuta kuɗin kulawa cikin kasafi tun ranar da aka rubuta kuɗin gini. Ma'aikacin da ya sa hannu a takardar ginin da ba a tanadi kuɗin gyaransa ba, ya ci bashi ne da sunan na bayansa.

Na biyu, kada a raina ƙaramin ma'aikaci. Albashin mai gadi bai kai komi ba in aka auna shi da kuɗin bene mai hawa 31, amma rashinsa ya jawo wahalar shekara 15, samunsa kuma ya kawo ƙarshenta. Mai gadi, mai shara da mai gyaran pompo suna cikin ginshiƙan gini, ko da ba a zana su a takarda ba.

Na uku, a saurari mazauna, su kuma su haɗa kansu. Goldfinger ya saurare su wata biyu, ya samu abin da ya kyautata zanensa. Hukuma ta yi shekara 12 ba ta ji kukan mutanen Trellick ba, sai da suka zama ƙungiya mai shugabanni da takardu. A nan ne sanin karatu da rubutu ke nuna ranarsa: koken da aka rubuta, aka sa hannu, aka ajiye kwafinsa, ya fi ƙarfin gunagunin mutum ɗari a bakin ƙofa.

Na huɗu, in za a fitar da mutane don gyara, a rubuta musu haƙƙin komowa, da kuɗin hayar da za su biya, kafin su ɗaure kaya. Alkawarin baki yana tafiya da wanda ya yi shi ranar da aka canza masa wurin aiki. Ita ma dokar kare gine-ginen tarihi ta nuna iyakarta a Balfron: ta tsare siffar hasumiya da gadojinta, ba ta tsare ko iyali ɗaya ba.

Mai zane yana iya yin iyakar ƙoƙarinsa, ya auna haske da iska, ya ƙirga matakala. Ranar da ya miƙa mabuɗi aikinsa ya ƙare, na hukuma da na mazauna ya soma, kuma shi ne mai tsawo. Benayen nan biyu suna tsaye har yanzu, ɗaya gabas ɗaya yamma, kankarensu iri ɗaya. A ɗayan, tsofaffin masu haya da ƴaƴansu suna shiga su gaisa da mai gadi. A ɗayan, waɗanda suka yi shekaru a ciki sai dai su hange shi daga titi. Allah ya ba masu riƙon dukiyar jama'a ikon riƙe amana.